Eskabeta mai tan 36, gada mai allon tan 30: yaya za a shigar da ita?

Ɗan Kwangila, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Injiniyoyi da direbobin manyan motoci, a taimaka da shawara.

Akwai aikin ƙaramar madatsar ruwa a wani ƙauye ta hanyar Zariya zuwa Pambegua. Wajen Maigana ake sakin kwalta a shiga jar hanya, kilomita 14. Inji biyu za su shiga: eskabeta CAT 330D L da katafila D6R, duka suna ajiye a yadi a Dakace, Zariya. A kilomita na 3 da na 6 akwai kwalbati na zobe, ƙasar da ke kansu ba ta kai kamu biyu ba. A kilomita na 9 kuma akwai gadar kankare, tsawonta mita 12, faɗinta tsakanin bangayen gefe mita 3.6, an kafa mata allo: tan 30. Rafin yana janyewa da rani, ruwa bai wuce gwiwa.

Mai lobed, wato tirelar ɗaukar manyan injina, ya ce in an biya shi zai ɗauki eskabetar ya taho da gudu ya haye, wai kafin gadar ta ji nauyi ya wuce. Hankalina bai kwanta ba. Shin za a iya? In sai an kwance wasu sassa, waɗanne? Kuma wace takarda ake nema kafin a hau titi? Watan Janairu za a fara aiki.

Injiniyan Gadoji, Samaru

Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka yarda da maganar gudun nan. Gudu ƙara wa gada kaya yake yi. Inda ƙasa ta haɗu da kankare kusan kullum akwai ɗan tudu ko rami, mota mai nauyi ta dake shi da gudu sai ta yi tsalle ta dira, gadar ta sha duka a kan nauyin da take ɗauke da shi. Kaya mai nauyi a hankali kamar tafiyar ƙafa ake haye gada da shi, ba birki, ba canza giya a kai.

Mu yi lissafi. 330D L tana kusan tan 36. Kan mota mai taya goma yana tan 9 zuwa 10, lobed mai aksil uku tan 11 zuwa 14. Ka ɗauka su biyun tan 22 ne babu kaya. Da eskabeta ya zama tan 58. D6R kusan tan 19 ce, da lobed tan 41. Ko wanne ya wuce allon gadar, don haka lobed da kaya ba zai hau ta ba. Wannan a rufe shi.

Na 58 ɗin ma ya karya dokar titi tun daga Dakace. Ƙa'idar ECOWAS ta 2012, wadda Najeriya ta shigar cikin dokokin manyan hanyoyin tarayya a 2018, ta tsayar da tirela mai aksil shida a tan 51: tan 6 a aksil na gaba, har 20 a biyun da ke jan mota, har 25 a ukun baya. Faɗi kuma mita 2.55. Eskabetar da takalmin ƙarfe na milimita 600 faɗinta mita 3.19 ne, garmar gaban D6R ma ta haura mita 3.2. Ko da ka rage nauyi ya dawo cikin ƙa'ida, faɗin ya riga ya sa su cikin kayan da sai da izini na musamman. Ka fara daga ofishin Kwanturolan Ayyuka na Tarayya a Kaduna, ka tafi da takardar da ke nuna nauyin inji, tsawo, faɗi, bisa, yawan aksil da hanyar da za a bi. Ka sanar da FRSC da KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirga ta Jihar Kaduna, ranar tashi, a shirya motar rakiya gaba da baya. Yanzu za ka fara wannan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar da na san za a kawo: a sauke eskabetar, a cire ƙarfen bayanta mai daidaita mata nauyi da bokiti, ta haye da ƙafarta. Ƙarfen baya tan 6 ne, bokiti tan 1 da ɗoriya, saura kusan tan 29. A ido ya shiga ƙarƙashin 30. Amma gada ba jimla kaɗai take ji ba, tana jin yadda nauyin ya taru. Tifa mai tan 30 ta baza nauyinta a kan aksil uku, tsakanin na farko da na ƙarshe fiye da mita 5. Eskabeta kuwa duk nauyinta yana kan mita 4 na ƙafar da ta taɓa ƙasa. A gada mai mita 12, in ka lissafa ƙarfin lanƙwasa a tsakiya, tifar tana ba da kusan 68, eskabetar mai tan 29 tana ba da kusan 72, a ma'aunin tan sau mita. Wato ta fi tifar wahalar da gadar duk da ta fi ta sauƙi a sikeli. Ƙari kuma ƙafafunta za su zauna can gefe-gefe, saura santimita 20 kowane ɓangare, a kan bim na waje, wato ginshiƙan kwance da ke ɗauke da gadar. In takalmin na 800 ne saura 10.

Allon nan kuma lokacin da gadar ke da lafiya aka rubuta shi. A sa injiniya ya sauka ƙarƙashinta da tocila da guduma. Ya duba ko ruwa ya rarake ƙasan bangayen da ta zauna a kai, ko kankare ya ɓare rodi ya fito ya yi tsatsa, ko akwai tsaga a cikin bim, musamman wadda ta tashi a karkace kusa da inda bim ya hau bango. Tsagar nan ta karkace ita ce mai ban tsoro, don irin karyewarta ba ta yin sallama. Inda guduma ta ba da sautin fanko, kankaren ya rabu da rodi.

In gadar ta fita lafiya, D6R za ta iya haye ta da ƙafarta, ita kaɗai, a kan katako ko tsofaffin tayoyi, a miƙe. Eskabeta kam a yi mata mashigi a gefe ta bi ta rafin.

Baba Direba, Kwangila

Injiniya ya gama magana kan gada. Ni ta hanya zan yi, don kafin a kai kilomita na 9 akwai abin da zai iya tsayar da tafiyar.

Alhaji, ka ɗauki direban da zai yi aikin a ƙaramar mota ku bi hanyar tun daga ƙofar yadi, da tef da doguwar gora mai alamar mita. Ba mai motar ba, shi direban. Kan motar da lobed tsawonsu yana kai mita 17 ko fiye, a kwana bayan yana yanke hanya ya shiga ciki, nan ne ake kwashe rumfa ko a faɗa lambatu. Cikin lobed kuma kusa da ƙasa yake. Duk inda hanya ta yi doro, kamar kan kwalbati, tayoyin kai sun sauka na baya ba su hau ba, sai cikin ya zauna a kan doron, tayoyin da ke ja su rasa kamu. Motar da ta maƙale haka da tan 30 a bayanta sai an sauke kayan kafin ta motsa. Ku nemi inda za a sauke inji: fili shimfiɗaɗɗe, ƙasa mai tauri, da wurin da lobed zai juya ya fita. In babu wurin juyawa a ciki, a sauke a bakin kwalta kawai. Amma kada ƙafar inji ta taɓa kwaltar gwamnati, a jera tayoyi.

Bisa: eskabetar in an kwantar da hannunta tana kusan mita 3 da rabi, bayan lobed kusan mita 1, ka ga an doshi 4 da rabi. A auna bayan an ɗora, kada a dogara da takarda. Wayoyin da ke shiga gidaje a ƙauyukan bakin hanya sukan yi ƙasa da haka. Wayar gida yaron mota zai iya ɗagawa da busasshiyar gora mai baki biyu yana tsaye a ƙasa, ba a kan inji ba. Babban layi na 11kV ko 33kV kuwa babu gora babu dabara, wutarsa tana tsallakowa tun kafin a taɓa. A je wa Kaduna Electric su kashe layin na wannan lokacin.

Wajen ɗorawa, a fara wanke lakar ƙafa. Busasshiyar laka a ƙarƙashin inji nauyi ce ta banza, ɗanya kuma santsi ce. Ƙarfe a kan ƙarfe zamewa yake yi, a shimfiɗa katako ko tsohuwar robar bel. Matakalar hawa kada ta wuce digiri 15, lobed ya tsaya daidai ba ya karkata gefe, a sa wa tayoyi waiji. Ofareta ya hau a ƙaramar giya, in ya ga ya kauce ya sauko ya sake saiti, kada ya gyara a kan matakala. Inda inji zai tsaya a kan lobed ma ba a ido ake yi ba. Ya yi gaba da yawa, tayoyin kai su sha wuya. Ya yi baya, kai ya yi sauƙi ya kasa ja a hawa. A bi ta sikelin wani kamfanin hatsi ko na masu fasa dutse, a hau da aksil na gaba a rubuta, a ƙara biyun tsakiya a rubuta, sannan duka. Matsar da inji kamu biyu yana iya sauya fiye da tan guda daga wannan rukuni zuwa wancan.

Sarƙar ɗauri ta milimita 13 mai lamba 80 tana riƙe tan 5 da ɗan kai, ta milimita 10 tan 3 ce kawai. Da yake a karkace ake ɗaurewa, ba duk ƙarfin ake samu ba, don haka shida za a sa wa jikin eskabetar, ba huɗu ba, a gicciye gaba da baya, a wuraren ɗauri na ƙarƙashi. Ta bakwai a kan hannu. Kada sarƙa ta bi ta kan sandar haidirolik ko tiyo. Sarƙar da aka taɓa yi wa walda a jefar da ita. A kulle ƙofar ofareta, a naɗe madubai, a kashe makunnin batir, a toshe bakin salansa. Bayan kilomita 5 na farko a tsaya a sake ɗaure kowace sarƙa, za ka tarar sun saki.

A tashi bayan asuba da gari ya waye. Janairu akwai hazo, faɗin kayan ya fi na motar, mai babur ba zai gane ba sai ya zo kai. Jan ƙyalle a kowace kusurwa. A tambayi ranakun kasuwannin hanya a kauce musu.

Makaniken Manyan Injina, Muciya

Ranka ya daɗe Injiniya, na yarda eskabetar ba za ta hau gada ba, amma cire ƙarfen baya bai fita daga lissafi ba, saboda titi. 58 a cire 7 da ɗoriya ya dawo ƙasa da 51 da kaɗan. Tankin gas ɗinta lita 620 ne, cike ya haura rabin tan, a bar kwata a ciki an sake rage kusan kilo 400. Ga tayoyin lobed mai aksil uku, wannan bambancin shi ne tsakanin isa lafiya da fashewar taya biyu a hanya. In an sami lobed mai aksil huɗu kuma izinin ya amince da nauyin, to a bar mata ƙarfenta, an huta.

In za a cire, ga tsari. A fara cire bokiti a ƙasa: a ajiye shi daidai, a zare makullan fin, a fitar da fin biyun, a naɗe su da tsumma kada yashi ya shiga, a ɗaure ƙarfen haɗin da waya kada ya riƙa lilo. Sannan inji ya hau lobed da ƙarfen bayansa, a kwantar da hannu, a ɗaure. A nan ne za a cire ƙarfen, ba a ƙasa ba. Eskabetar da babu nauyin baya duk rinjayenta gaba ne, hawa ko saukar matakala da ita a haka neman kifewa ne, juya jiki kuwa haramun.

Kiren, wato injin ɗaga kaya, ya fara ɗaukar nauyin ƙarfen ta kunnuwan ɗagawa har igiya ta miƙe, kafin a taɓa kusa ko ɗaya. Kusoshin manya ne, da ƙarfi sosai aka ɗaure su, sai da sifana mai ninka ƙarfi. Kada a sa musu wuta, zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen. A cire wayoyin fitila ko kyamara in akwai. Kowa ya fita daga tsakanin ƙarfen da jikin inji.

Inda ake yawan faɗawa shi ne kiren. Motar Hiab, mai kiren a bayanta, da aka rubuta wa tan 10, a kusa da gindinta ne take ɗaga goman, kamar mita 2. Ta miƙa hannu mita 5 ba ta fi tan 4 ba. Tan 6 a mita 4 zuwa 5 yana son kiren mai ƙarfin tan-mita 30. A karanta allon da ke jikinsa, a sa katako mai kauri ƙarƙashin ƙafafunsa. Kuma kiren ɗin nan sai ya bi ku har inda za a sauke, don a can za a mayar da ƙarfen tun inji yana kan lobed, a ɗaure kusoshi da ma'aunin da littafin injin ya faɗa, sannan ya sauko. Kuɗin kiren na yini guda da motar da za ta ɗauki ƙarfe da bokiti, a sa su cikin lissafi tun yanzu.

Ɗan Kwangila, Tudun Wada

Allah ya saka da alheri, an buɗe mini ido. Tambaya biyu suka rage. In an sauke a bakin kwalta, tafiyar kilomita 14 da ƙafa ba za ta lalata eskabetar ba? Sannan ko in haƙura da 330 in yi hayar ƙaramarta, 320?

Ofareta, Basawa

Oga, za ta yi tafiyar, amma ba a son ta zama al'ada. An ƙera ta don haƙa ne, giyar ƙafarta da rololi suna zafi in tafiya ta yi tsawo. A ƙaramar giya kilomita 3 take yi a awa, da hutu ka sa mata awa 6 zuwa 7. Kafin tashi a duba man giyar ƙafa duka biyu, a duba ɗaurin sarƙar ƙafa, ta yi tsauri tana cin fin da bushi, ta yi sako-sako tana iya fita. Gefen ƙafar da ke da garmaho mai haƙora ya kasance a baya. Duk rabin awa a tsaya minti 10, a zagaya a duba rololi, wanda ya fi 'yan uwansa zafi ko yake zubar da mai shi ne zai fara mutuwa. Hannu a naɗe, bokiti kamar rabin mita daga ƙasa. Kwana a yi ta a faɗaɗe, kada a tsaya wuri ɗaya a murɗa.

D6R ta shiga gaba, ita ce za ta gyara hanya. Ta haye gada in injiniya ya amince, ta sassaƙe gaɓar can, eskabeta ta sassaƙe ta nan. Gangaren kada ya fi 1 cikin 6, wato saukar mita 1 a kowace tafiyar mita 6, in tifofi za su bi a kwantar da shi ya kai 1 cikin 10. A yi mashigin ta ɓangaren da ruwa ke nufa bayan ya wuce gada, a ba da tazara kamar mita 30, kada haƙan ya taɓa gindinta. A soka bokiti a gwada ƙasan rafin: yashi da tsakuwa suna ɗauka, baƙar laka ta fadama sai an kwashe ta an zuba manyan duwatsu, sannan ƙanana a kai, faɗin mita 5. Ƙafar eskabeta ba ta danna ƙasa kamar taya. Nata kusan kilo 0.7 ne a kan kowace santimita murabba'i, tayar tirela ta ninka haka kusan sau goma. Shi ya sa take wuce inda lobed zai nutse. Ruwa kada ya wuce rolan sama. In ya kai zoben juyi ya shiga giris, sai an wanke an sake sabo.

Bakin rafi da rani ba ya rasa mai shi, akwai masu tumatir da albasa da rake, da bututunsu a shimfiɗe. A ga dagaci tukuna, a auna abin da za a taka, a biya diyya a gaban shaidu kafin inji ya iso.

320 kuwa tan 21 zuwa 22 ce, da lobed 44, ba ruwanka da kiren. In haƙan bai da dutse kuma ba zurfi sosai, ni ita zan zaɓa. Bokitinta ne ƙarami, aikin zai ɗan ja kwanaki.

Injiniyan Gadoji, Samaru

Na goyi bayan Malam Ofareta kan 320, tan 22 a ƙafa gadar za ta ɗauka in binciken ya yi kyau. Amma ko ita aka kawo, a yi mashigin. Tifa mai taya goma babu kaya ta kai tan 12, marmara kuma kusan tan 1.8 ce kowace mita kubik. A loda mata kubik 18 ta zama tan 44 ko fiye, kuma ba sau ɗaya za ta wuce ba. In akwai dutse ko yashi ko siminti da za a shigo da su daga waje, su ne za su kashe gadar, ba eskabeta ba.

Kwalbatocin nan biyu ma kada a manta da su. Zobe ba shi da ƙarfi shi kaɗai, ƙasar da ke kansa da gefensa ce ke raba masa nauyi. A leƙa ciki, in zobe ya tsage ta sama ko haɗin ya buɗe ƙasa na zuba, a kewaye shi ta gefe tunda rani ne. In lafiya yake, D6R ta turo marmara a ƙara har kaurin da ke kansa ya kai santimita 60 ko fiye, a zuba santimita 15 a jiƙa a danne, a sake zuba wata. A ja cikon mita 10 kowane ɓangare don kada ya zama doron da Baba Direba ya faɗa. In akwai farantin ƙarfe mai kaurin milimita 25 a ɗora a kai, ya zarce faɗin zoben da mita guda hagu da dama. A ɗauki hoton kwalbatocin da gadar kafin inji ya wuce da bayan ya wuce, da wakilin ƙaramar hukuma a wurin.